A Girgiza Kafin a Sha

Ba madarar cakulan ce ta kai ni Turai ba. Taron aiki ne na kwana huɗu a Basalona, a ƙarshen watan Nuwamba, kuma da aka watse sai na buɗe fasfo na ga bizata da sauran kwana goma sha ɗaya. Ɗan ƙanwata yana karatu a Malmö, can kudancin Suwidin. Uwarsa kuwa tun kafin in taso ta ja mini kunne: "Yaya, in ka taka Turai ka dawo ba ka ga yaron nan ido da ido ba, kada ma ka zo mini da labari." Jirgin sama zai sauke ni kusa da shi cikin awa uku. Na zaɓi jirgin ƙasa, don ina son in ga ƙasar da kullum ake tsallake ta ta sama.

Madarar ta shigo ne ranar ƙarshe ta taron. An fito hutu, kowa ya nufi wajen kofi, ni kuma kofi ba ya shiri da barcina. Wata 'yar garin daga cikin masu shirya taron ta lura ina tsaye hannu sake, ta ɗauko wata 'yar kwalba mai tambari ruwan ɗorawa ta miƙo mini. An rubuta Cacaolat a jiki. Ta ce ita ce madarar cakulan ta kwalba ta farko a duniya, kuma har gobe ba a yi kamarta ba. Wani ɗan Holan da ke gefenmu ya ajiye kofinsa, ya ce sam, a ƙasarsu ake da ta gaskiya, sunanta Chocomel. Kafin ya rufe baki wata dattijuwa 'yar Denmak ta matso, ta ce su biyun duk ba su taɓa shan Cocio ba ne shi ya sa suke ɓata bakinsu. Mutum uku, kowannensu da digiri da furfura, sun yi kwana huɗu suna tattauna manyan al'amura cikin sanyin murya, sai ga shi jijiyar wuya ta tashi a kan abin shan yara. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Na duba taswirar hanyata na ga duk ƙasashen ukun suna kanta, sai na ce musu tunda ni ba ni da ɗa ba ni da jika a wannan shari'a, su bar mini alƙalancin. A tashar jirgi na sayi ɗan littafin rubutu, na kafa wa kaina doka biyu: abin da mutanen gari suke ɗauka a firjin kanti shi zan sha, kuma sai na rubuta abin da harshena ya ji kafin in tambayi kowa.

A Basalona, 'yar garin nan ta ce zuwa da kai ya fi saƙo, ta kwatanta mini inda aka haifi abin. Lungu ne siriri da ake kira Carrer d'en Xuclà, a unguwar Raval, taku kaɗan daga babban titin La Rambla inda baƙi ke cunkuso. Sau biyu na wuce ƙofar ban gane ta ba. Sunan wurin Granja Viader. Kalmar granja gona take nufi, amma a wannan birni ana kiran shagunan madara da ita tun zamanin da ake sayar da nonon shanu a cikin gari. Tun 1870 ake sayar da madara a wannan ɗaki, daga baya ya koma hannun iyalin Viader, kuma su ne a ciki har yau. Teburan farin dutse ne, bangon cike da tsofaffin hotuna da takardun yabo da suka yi jawur saboda shekaru. Labarin da ake bayarwa shi ne, a 1931 Marc Viader da ɗansa Joan sun je biki Budapest, aka ba su wani abin sha na madara da koko, ɗan ya dawo da abin a ransa. Ya yi ta gwaji har ya sami haɗin da zai zauna a kwalba, ya yi masa rajista a shekarar ta 1931, aka fito da shi kasuwa a 1933. Yaƙin basasar Sifaniya ya ɓarke a 1936, koko ya yanke, aka daina yi sai wajen 1950.

Na nemi mai sanyi. Ba ta da kauri sosai, tana wucewa a maƙogwaro ba tare da ta bar maiƙo a baki ba, zaƙinta a gaba, koko na bin bayansa da ɗan gardi. A littafina na rubuta: "Mai sauƙin kai. Za a iya shan biyu." Na kuwa sha biyun. Sannan na ga teburin da ke kusa da ni an kawo musu wani abu a kofi da tulin farin kirim a kai kamar rawani, na nuna wa mai hidima da yatsa. Sunansa suís, cakulan ne mai zafi, kaurinsa har cokali na neman tsayawa a ciki. Wannan ba ya cikin shari'ar, don ci ake yi ba sha ba, amma a nan santi ya kama ni, na shiga yi wa mai hidima bayani da yaren da ba ya ji, shi kuma yana gyaɗa kai irin na wanda ya saba ganin haka.

Game da waye na farko, tun a wannan teburin na ga shari'ar ba za ta yanku ba. In daga ranar rajista za a ƙirga, 1931 ta riga 1932 da 'yan Holan ke ji da ita. In daga ranar shiga kasuwa ne, 1933 ta zo a baya. Kuma duk wannan maganar kwalba ce kawai. Haɗa madara da koko ya girme su da ɗaruruwan shekaru. Turawan Ingila sukan jingina abin ga wani likita, Hans Sloane, wanda ya je Jamaika a 1687, mutumin da tarin kayansa ya zama harsashin gidan tarihin Birtaniya. Masana tarihi kuwa sun nuna an riga shi. Su kuma mutanen Meziko da Amurka ta Tsakiya, waɗanda suke sarrafa koko tun dubban shekaru da suka wuce, da ruwa suke dama shi, don ba su da shanu sai da Sifaniyawa suka kai.

Daga tashar Sants zuwa Faris tafiyar kusan awa bakwai ce. A Faris ban kwana ba. Na canja tasha, na sayi wani kwali a wani ƙaramin kanti, ba zan faɗi sunansa ba don ban ga amfanin tona masa asiri ba. Ruwa ne da sukari da aka nuna wa koko daga nesa. Layi ɗaya ya samu a littafin. A Burasel na sauka da yamma, na shiga kanti na ga gwangwani mai launin rawaya an rubuta Cécémel, na yi murna na sami sabuwar ganima. Mai kauri ce, santsi kamar an tace ta sau bakwai. Na cika rabin shafi da yabo. Washegari a Amstadam na ga gwangwani iri ɗaya sak, launi ɗaya, salon rubutu ɗaya, sai dai sunan Chocomel. Ashe abu ɗaya ne na kamfani ɗaya, FrieslandCampina, a Beljiyam kawai ake canja masa suna. Alƙali ya saurari shaida ɗaya sau biyu bai sani ba.

A tashar tsakiyar Amstadam yaron ya tare ni. Ya roƙi hutun kwana uku ya biyo jirgi don mu ƙarasa tare. Ya rame kaɗan, ya yi tsawo, ya naɗe wuya da mayafi har kunne. Bayan gaisuwa da tambayar mutan gida ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi jakata, ya ji nauyinta, ya ji ƙarar kwalabe a ciki.

"Kawu, me ka zubo a nan haka?"

"Shaidu ne," na ce masa. "Muje, zan yi maka bayani a hanya."

Da ya gama jin labarin bai yi dariya ba sai da ya juya baya, wannan kuwa tarbiyyar uwarsa ce. Amma shi ne ya kawo shawarar da ta fi kowacce amfani a tafiyar. Ya ce in koko nake bi, mu bar cikin gari mu hau jirgi zuwa Zaandijk, tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba. Yawancin masu zuwa can suna zuwa ne kallon tsofaffin injinan niƙa masu fukafukai na Zaanse Schans, waɗanda iska ke juyawa. Mu hancinmu ne ya fara isa. Tun daga dandalin tasha iskar garin ƙamshin koko take yi, ba irin na alewa ba, wani ƙamshi mai nauyi da ɗan ƙauri-ƙauri, kamar ana toya abu a gidan maƙwabta dare da rana. Masana'antun sarrafa koko ne jere a bakin kogin Zaan. Tashar ruwan Amstadam ita ce babbar mashigar ɗanyen koko a duniya, daga nan ake shigo da shi wannan yanki a gasa, a niƙa, a matse.

Matsewar nan ita ce tushen duk abin da na yi ta sha a tafiyar. Ƙwayar koko fiye da rabinta mai ne. In aka niƙa ta aka zuba a ruwa ko madara, man ya taso ya kwanta a sama, abin ya yi nauyi a ciki. A 1828 iyalin Van Houten na Amstadam suka yi rajistar injin da ke matse mafi yawan man ya fita, a bar dunƙulen da za a daka ya zama gari. Su ne kuma suka shahara da dabarar sa wa koko wani sinadari mai kashe tsami, wanda ke sa launinsa ya yi duhu, ɗacinsa ya lafa. Man da aka matse bai tafi a banza ba, da shi aka samu damar yin cakulan na taunawa. Garin kuwa shi ya sa madarar cakulan ta zama abin da talaka zai saya a kanti.

Sai dai garin koko ba ya narkewa kamar sukari. Yawo kawai yake yi a cikin madara, in aka bar shi ya huta sai ya sauka ƙasa. Da muka zauna a wani ɗan shago muna kallon ruwa, na juya bayan gwangwanin, yaron ya fassara mini jerin abin da ke ciki: madara, sukari, koko, sai wani abu da ake kira karajinan. Daga jan ganyen teku ake samo shi. Ɗan kaɗan ake sawa, ya kama sinadarin gina jiki da ke cikin madarar su yi wata irin raga da ido ba ya gani, ita ke riƙe garin ya kasa nutsewa, ita ce kuma ke ba da wannan santsin da ya ruɗe ni a Burasel. Mai shagon ta ce a wannan sanyi ba a shan ta da sanyi. Ta ɗumama mana, ta ɗora kirim a kai. Ta ce a shekarun da magudanan ruwa ke daskarewa mutane su fito zamiya a kan ƙanƙara, rumfunan da ake kafawa a gefe abin da suke sayarwa ke nan. Sunan ma ya riga ya zama na kowa: ɗan Holan zai ce a ba shi chocomel ko da ta wane kamfani ce, shi ya sa masu ita suke rubuta "ita kaɗai ce ta ainihi" a jikin gwangwanin da yarensu. Da zafinta ta fi kyau nesa ba kusa ba. Kaurin da ya so ya gundure ni da sanyi, da zafi sai ya zama bargo.

Muna komawa tasha yaron ya tsaya yana kallon wani dogon ginin masana'anta da hayaƙi ke fita ta samansa.

"Kawu, wai ni kam, ka ce kana neman madarar cakulan ta kowace ƙasa. Akwai bishiyar koko ko ɗaya a ƙasar nan?"

Babu, kuma ba za a taɓa samu ba sai a ɗakin gilashi. Koko ba ya yi sai a yankin zafi da damina, kusa da tsakiyar duniya. Fiye da rabin wanda duniya ke ci daga Kodebuwa da Gana yake fitowa, daga ƙananan gonaki inda ake fasa kwanson da adda, a tara ƙwayar a lulluɓe ta da ganyen ayaba kwana biyar zuwa bakwai ta ruɓa daidai gwargwado, sannan a shanya a rana. Ɗanɗanon cakulan a wannan tulin yake fara samuwa, tun kafin wani Bature ya sa masa ido. Ƙamshin da ya cika garin Zaandijk, wanda mutanen wurin ke ji su san sun iso gida, gumin wasu ne a wata nahiya. Na faɗa masa haka. Ya ce to me ya rage na 'yan ƙasa a cikin gwangwanin? Na nuna masa ta tagar jirgi: shanu masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, 'yan kaɗan da ba a riga an shigar da su rumfa ba saboda hunturu, tsaye a fili shimfiɗaɗɗe kamar tabarma. Na ce madarar tasu ce. Amsar ba ta gamsar da shi ba, ni ma ba ta gama gamsar da ni ba.

Tsakanin Amstadam da Hambog cikina ya kai ƙara. Kwana huɗu ina ɗura masa madara safe da yamma, alhali kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya jikinsu ba ya narkar da sukarin madara yadda ya kamata, ni ma ashe ina cikinsu, ban dai taɓa ƙure shi haka ba ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba zan tsawaita ba. Na dai san kowane taku tsakanin kujerata da ƙarshen taragon, kuma daga ranar na koma rabin kwalba, yaron yana ƙarasa sauran, aikin da bai taɓa yin ƙorafi a kansa ba.

Hambog ta tarbe mu da duhu tun ƙarfe huɗu da rabi na yamma. An buɗe kasuwar Kirsimeti a gaban babban ginin majalisar birni, rumfunan katako da fitilu ko'ina. Na hangi wata rumfa ana zuba cakulan mai zafi a kofuna ana ɗora kirim, na miƙa hannu zan nuna, sai yaron ya riƙe mini hannun riga.

"Kawu, tsaya. Karanta allon tukuna."

An rubuta Lumumba. Ya ce koko ne da madara, amma da giya a ciki. Na gode masa, na nemi wanda ba a sa komai ba, aka ba ni. Amma sunan ya tsaya mini a wuya fiye da abin shan. Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko a 1960, wanda aka harbe a watan Janairun 1961 yana da shekara 35, shi ne sunansa ke rataye a allo tsakanin tsiren alade da waina, an laƙaba wa abin sha mai launin ƙasa-ƙasa. Ana kiran sa haka a Jamus da Denmak da Sifaniya. Akwai Jamusawan da suka daɗe suna cewa a sauya, wasu rumfunan kuma sun sauya. Matar da ta zuba mini ba ta nufin kowa da sharri, na ga haka a fuskarta, mai yiwuwa ma ba ta taɓa tambayar ko sunan wane ne ba. Wannan rashin tambayar shi ya fi damuna. Na sha rabin kofin a tsaye, ban rubuta komai ba a daren.

Akwai hanya mai sauri zuwa Kopenhagen, amma muka bi ta gaɓar yamma, ta Niebüll, muka tsallaka iyaka a Tønder cikin wani ƙaramin jirgi mai tarago biyu, muka wuce Ribe, gari mafi tsufa a Denmak. Ƙasa ce ta fadama da tumaki da iska, sama ta sauko har tana neman taɓa ciyawa. Kuɗi ma ya canja, an bar yuro an koma kurona. Esbjerg garin tashar ruwa ne, ba tsoho ba, sai a 1868 aka yanke shawarar gina tashar, garin ya taso a kewayenta. A bakin teku akwai gumakan maza huɗu farare ƙal, zaune a jere suna kallon ruwa, kowanne tsayinsa mita 9, an kafa su a 1995. Iskar wurin ta kusa raba ni da hulata. A wannan garin ne a 1951 wani mutum mai suna Anker Pallesen da matarsa suka yi ta gwaji a ɗakin girkinsu har suka fito da Cocio. Yanzu mallakar Arla ce, babbar ƙungiyar makiyayan yankin, amma har yau a Esbjerg ake yin ta.

'Yar Denmak ɗin taron ta gaya mini a keken masu sayar da tsiran burodi ake shan ta, su biyun Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Muka sami keke ɗaya a dandali. Naman alade ne, don haka na ce kwalbar kawai nake so. Mai keken ya dube ni kamar wanda ya zo sayen takalmi ƙafa ɗaya, amma ya miƙo. Kwalbar gilashi ce, tambarinta rawaya da ruwan ƙasa. (Ban san abin da ya haɗa masu wannan sana'a da launin rawaya ba, daga Basalona har nan shi nake ta gani.) Na ɓalle murfin na kafa kai. Tsararo, fari-fari, ba koko ba labarinsa. Na riga na fara shirya hukunci mai tsanani a raina, sai wani tsoho da ke tsaye yana cin nasa ya ɗaga kwalbar hannuna sama, ya nuna mini gindinta. Koko ne kwance baƙi ƙirin, kaurin yatsa. Ya ɗauki tasa da bai buɗe ba, ya kifa ta, ya girgiza da ƙarfi sau huɗu ko biyar har ta zama launi ɗaya, sannan ya ɗaga gira. Yaron ya juya baya a karo na biyu.

Na sayi wata, na girgiza. Abin mamaki, kamar ba ita ba. Abu uku ne kawai a cikinta, madara da sukari da koko, babu ganyen teku, shi ya sa garin ke kwanciya. Bambancinta na biyu daga wuta yake. Madarar kwali mai daɗewa ana ɗaga zafinta ya haura digiri 135 na 'yan daƙiƙoƙi, a sanyaya nan take, sannan a zuba a kwali. Ita wannan sai an zuba ta a kwalba an rufe, sannan a dafa ta da kwalbar gaba ɗaya na tsawon lokaci. Doguwar wutar nan tana sa sukari da madarar su ɗan soyu, sai ta fito da wani gardi kamar na madarar da aka bari a kan wuta har ta fara kama gindin tukunya, amma aka sauke kafin ta ƙone. Ba ta da santsin ta Holan, ba ta manne wa harshe, tana wucewa ta bar wannan gardin a baya. Na manta da dokar rabin kwalba.

Tsohon yana jin Ingilishi, kamar kusan kowa a ƙasar. Na gaya masa shari'ar da na ɗauko, na tambaye shi me ya sa yake ganin tasu ta fi. Na zaci zai kawo maganar madarar shanunsu ko abu ukun nan. Sai ya yi shiru yana goge baki, ya ce shi fa bai ce ta fi ba, don bai taɓa ɗanɗana na sauran ba, kuma ba ya jin zai ɗanɗana. Ya nuna mini wajen tashar da ake hawa jirgin fito zuwa tsibirin Fanø, tsallaken minti goma sha biyu. Ya ce yana yaro, ranar Asabar babansa kan kai shi can, kafin su hau sai ya saya masa kwalba ɗaya, shi baban ne ke girgizawa don hannun yaro bai kai ba. Ya ce ba ya iya cewa ko tana da daɗi ko babu. In ya sha, Asabar yake ji.

A jirgin Kopenhagen, tafiyar wajen awa uku, na buɗe littafina ina duba abin da na tara: kauri, zaƙi, santsi, ɗaci, gardi, da maki a gaban kowanne. Duk daidai ne, harshena bai yi ƙarya ba. Baƙo yana iya gane wadda aka sa wa ganyen teku da wadda aka dafa a kwalba, wataƙila ma ya fi ɗan gari ganewa tunda ba abin da ke rufe masa baki. Amma mutum ukun da suka yi musu a Basalona ba a kan wannan suke musu ba, ni ne na ɗauka haka. Babu shafin Asabar a littafina. Na nuna wa yaron, na ce ga sauran amsar tambayarsa ta Zaandijk. Ya karanta, ya ce, "Kawu, to hukuncin fa? Ka yi alkawari." Yaran yanzu ba sa bari a zame.

A Kopenhagen na ɗanɗana Matilde, ta kwali mai hoton yarinya, wadda iyaye ke sa wa yara a jakar makaranta. Ba laifi. Daga nan muka bi ta ƙarƙashin ruwa muka hau gadar Øresund, wadda aka buɗe a 2000, cikin minti arba'in muna Malmö. Abokin zaman yaron ɗan ƙasar ne, da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya fita da gudu ya dawo da kwalbar Pucko, wadda Suwidawa ke sha tun shekarun 1950, ita ma a gefen tsiran burodi. A bakin 'yan gari kalmar pucko tana nufin wawa, kuma ba wanda abin ya dama. Ya tsaya a kaina yana jiran in ce ta fi ta maƙwabtansu, don tsakanin Suwidin da Denmak akwai irin wasan nan na 'yan uwa da ba ya ƙarewa. Na girgiza, na kurɓa, na ji wani gardi da na sani. Na juya bayan kwalbar na miƙa masa ya karanta da kansa. A Esbjerg ake yin ta, a masana'antar Cocio. Ya karanta sau biyu, ya ce ai haɗin ba ɗaya ba ne. Na ce haka ne, na bar kaza cikin gashinta.

Daren ƙarshe na rubuta wa mutum ukun saƙo ɗaya. Na ce da sanyi Cocio, da zafi Chocomel, in kuma wurin zama ake nema a sha a huta, Granja Viader. Kafin gari ya waye duk sun amsa. 'Yar Basalona ta ce wuri na yaba ba abin sha ba. Ɗan Holan ya ce da sanyin ma ban sha ta daidai ba ne. 'Yar Denmak ta tambaya ko da tsiran na haɗa, da na ce a'a ta ce to ban sha Cocio ba tukuna.

Yaron ya rako ni filin jirgin Kopenhagen. Na riga na auna babbar jakata ta wuce, sai a layin bincike na tuna da kwalbar da na saya wa uwarsa tsaraba, tana aljihun jakar hannu. Jami'ar ta ciro ta, ta nuna mini allon dokar mililita 100, ta ce ko in sha ko in bari. Na waiwaya, yana can bayan gilashi yana kallona. Na kai hannu kan murfin, sai na ga yana ta karkaɗa hannunsa sama da ƙasa, bakinsa na faɗin wani abu da ba na ji. Na kifa kwalbar na girgiza ta sosai, jami'ar ta gyaɗa kai, na shanye a tsaye mutane na ratsa ni ta hagu da dama, da tafiyar awa shida a gabana da cikin da na riga na san halinsa.